Ba Kowace Tsohuwar Zuma Ake Magani da Ita Ba: Nazarin Fim Ɗin Starting Over Again

Gabatarwa

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, kuma daga wannan karin magana aka samo laƙabin da ake yi wa masoyin da aka daɗe da rabuwa da shi. Da wuya a sami waɗanda suka gaskata maganar kamar masu shirya finafinan soyayya. A wurinsu, muddin aka nuna saurayi da budurwa sun rabu a farkon labari, to an yi wa mai kallo alkawari ke nan cewa za su koma kafin a tashi; abin da ya rage kawai shi ne a ga ta wace hanya. Fim ɗin Starting Over Again, wanda kamfanin Star Cinema na ƙasar Filifin ya fitar ranar 12 ga Fabrairu, 2014, ya ɗauki wannan alkawari tun daga sunansa, wanda ke nufin sake sabon lale, ya riƙe shi na sama da awa biyu, sa'annan ya ƙi cika shi.

Wannan maƙala za ta duba dalilin wannan ƙi da yadda aka gina shi. Abin da take son tabbatarwa shi ne, abin da ya sake haɗa taurarin biyu bashi ne na bayani da ɗaya ta tafi ba ta biya ba, su kuma suka ɗauke shi a matsayin ragowar soyayya. Ƙarfin fim ɗin yana cikin haƙurin da ya yi wajen raba waɗannan abubuwa biyu. Rauninsa kuwa ya bayyana ne a wuraren da ya ji tsoron hukuncin da shi da kansa ya yanke.

Muhallin da Ya Haifi Fim Ɗin

Olivia M. Lamasan ce ta ba da umarni, kuma ita da Carmi Raymundo suka rubuta labarin. Lamasan ta daɗe tana juya jigon masoyan da tafiya ƙetare ke rabawa, kamar yadda ake gani a finafinanta Sana Maulit Muli na 1995 da Milan na 2004. Wannan jigo ba baƙo ba ne a ƙasar da miliyoyin 'ya'yanta ke aiki ko karatu a waje, inda filin jirgin sama ya zama wurin da ake yawan yin bankwana.

Akwai kuma wani fim da ya kamata a ajiye a gefe yayin kallon wannan, wato One More Chance na 2007, wanda Cathy Garcia-Molina ta ba da umarni, John Lloyd Cruz da Bea Alonzo suka fito a matsayin Popoy da Basha. A can ma budurwar mai zanen gine-gine ce, ita ce kuma ta nemi a rabu, amma a ƙarshe suka daidaita. Carmi Raymundo na cikin marubutan wancan fim ɗin. Saboda haka ana iya kallon Starting Over Again a matsayin amsar da alƙalami ɗaya ya ba kansa bayan shekara bakwai: an ɗauki kusan tambaya iri ɗaya, aka ba ta wata amsa dabam.

Wani abin lura shi ne matsayin aure a ƙasar. A lokacin da aka yi fim ɗin, dokar Filifin ba ta yarda da saki ba, in ban da Musulmin ƙasar da dokar iyali ta 1977 ta ba su wannan dama. A inda ɗaurin aure ke da wuyar kwancewa haka, lokacin da ke tsakanin neman aure da amsa shi yakan ɗauki nauyi mai yawa, domin shi ne ƙofa ta ƙarshe da mutum zai iya juyawa. Ba mamaki da fim ɗin ya kafa labarinsa tsakanin neman aure biyu: wanda aka ƙi a baya, da wanda ake shirin yi a gaba. Jama'a kuwa sun karɓe shi, domin kuɗin da ya tara ya haura peso miliyan 400, abin da ya sa shi cikin finafinan da suka fi kasuwa a ƙasar a wancan lokaci.

Labarin a Taƙaice

Ginny, wadda Toni Gonzaga ta fito a matsayinta, ɗaliba ce mai karatun zanen gine-gine. Ta kamu da son Marco, malamin tarihi a jami'arsu, wanda Piolo Pascual ya taka. Ita ta fara binsa, ba kunya ba tsoro, har ya amince. Sun yi shekara biyar tare, a cikinsu Marco ya karkata ga tsohon burinsa na zama gwanin girki, suka kuma ƙulla mafarkin buɗe gidan abinci. Da ya nemi ta aure shi sai ta ƙi, ta tafi birnin Basalona na ƙasar Sifaniya neman digiri na biyu, ba tare da ta gaya masa ainihin dalili ba.

Bayan shekaru ta dawo, tana cikin masu wani kamfani da ya ƙware wajen gyaran tsofaffin gine-gine. Sai ga saƙon imel daga Marco, wanda ya rubuta tun lokacin rabuwarsu, ya tsara kada ya iso sai bayan shekara huɗu. Daidai lokacin kuma aka ba kamfaninsu aikin mayar da wani tsohon gida ya zama gidan abinci, sai ta tarar Marco na cikin masu wurin. Ta ɗauka ƙaddara ce ta sake buɗe musu ƙofa. Abin da ba ta sani ba shi ne Marco na da wata budurwa, Patty, wadda Iza Calzado ta taka, kuma yana son a gama ginin ne domin ya nemi aurenta.

Wasiƙar da ta Iso a Makare

Dabarar saƙon da aka jinkirta ita ce ginshiƙin zubin fim ɗin baki ɗaya. Wasiƙa ta saba ɗaukar muryar mai rubutu zuwa ga mai karatu, amma wannan ta ɗauko muryar mutumin da ba ya nan kuma. Marcon da ya rubuta ta yana cikin zafin rabuwa. Marcon da ke raye ranar da aka karanta ta ya riga ya warke, ko aƙalla ya ɗaure raunin ya ci gaba da harkarsa. Ginny ta san ranar da aka rubuta saƙon, amma zuciyarta ta karanta shi kamar jiya aka aiko. Ta taɓa toka ta ji da ɗumi, sai ta ɗauka wuta na ci a murhu.

Abin da ya sa dabarar ta yi tasiri shi ne ba Ginny kaɗai aka yi wa ita ba, har da mai kallo. Fim ɗin na tafiya ne da salon waiwaye, yana tsallakawa daga yau zuwa jiya yana dawowa. Waɗannan fitowa na baya cike suke da raha da ƙuruciya, ga budurwa mai rawar kai tana bin malami mai kamun kai. Mai kallo na shan wannan daɗi kafin a nuna masa ɗacin da ya biyo baya, don haka shi ma yakan wayi gari yana fatan su koma. Ta haka aka sa shi ya karɓi tasa tsohuwar wasiƙar, ya yi irin kuskuren da tauraruwar ta yi. Lokacin da gaskiya ta fito, ba zai iya tsayawa gefe yana yi mata dariya ba, domin tare suka ruɗu. Ƙawarta ce ta faɗi abin da ya kamata kowa ya gani tun farko, inda ta kwatanta ta da mashayin da fata ya zame wa ƙwaya, ta ce ta gwada kurɓar gaskiya ko sau ɗaya.

Gidan da Aka Sauya wa Aiki

Sana'o'in taurarin ba ado aka yi da su ba. A farkon labari Marco ne ma'abocin jiya, tunda tarihi yake koyarwa, Ginny kuwa mai zana abin da ba a gina ba tukuna, idonta na kan gobe. Da suka sake haɗuwa sai aka ga sun yi musanya. Marco ya bar tarihi ya koma girki, sana'ar da amfaninta na yau ne, ba a ajiye ta don baɗi. Ginny, wadda ta gudu domin gobenta, ta dawo gwanar raya abin da ya tsufa. Wannan musanya ita ce ta bayyana dalilin da ya sa ba za su iya tsayawa a wuri ɗaya ba: duk lokacin da ɗaya ya fuskanci gabas, ɗayan ya riga ya juya yamma.

Tsohon gidan da ake gyarawa shi ne babbar alama a fim ɗin. Aikin da aka ba Ginny bai ƙunshi mayar da shi yadda yake a da ba. Za a bar bangonsa da kamanninsa, amma a sauya masa aiki: inda iyali suka kwana, baƙi ne za su zauna su ci abinci su biya. A sana'ance ta fi kowa sanin cewa tsohon gini ba ya rayuwa sai ya karɓi sabon amfani. Amma da ta juyo kan rayuwarta sai ta manta da wannan ilimi, ta nace sai an mayar da soyayyar yadda take, kowane abu a mazauninsa na da.

Akwai ɗaci na musamman a cikin wannan aiki. Gidan abincin mafarkinsu ne su biyu, ga shi zai tabbata, da hannunta kuma, amma domin wata. Kowane zane da ta yi, kowane gyara da ta sa aka yi, jere take yi wa amaryar da ba ita ba. Fim ɗin bai tsaya yana nanata wannan da baki ba. Ya bar ginin yana ci gaba a bayan taurarin, yana kusantar kammaluwa yayin da fatan Ginny ke rushewa.

Bashin Bayani

Fitowar da ta fi shahara a fim ɗin ita ce wadda Ginny ta tsare Marco tana neman ya yi mata bayanin abin da yake nufi da ita. Sai ya juyo ya tambaye ta da wane haƙƙi take neman abin da ita ta hana shi, sa'annan ya ce ya cancanci a yi masa bayani, ya cancanci a ba shi dalilin da hankali zai ɗauka. Kamar sauran finafinan birnin Manila, ana magana ne da cakuɗen Tagalog da Ingilishi, kuma a nan an yi amfani da cakuɗen da hikima. Tambayar da ta fito daga ciwon zuciya da Tagalog ya yi ta, buƙatar bayanin kuwa da Ingilishi, a taƙaice kuma a bushe, kamar mai shigar da ƙara a gaban alƙali.

Daga wannan fitowa ake gane cewa abin da ya ci Marco tsawon shekaru ba rashin Ginny kaɗai ba ne, har da rashin sanin laifinsa. Wanda aka gaya wa dalilin rabuwa yana da abin da zai yi jayayya da shi, ko ya gyara, ko ya yi watsi da shi. Wanda aka bari cikin duhu kuwa shi zai riƙa ƙirƙiro wa kansa laifuffuka, kowane dare da sabo. Shi ya sa da ya fahimci Ginny na son dawowa, ya biye mata da gangan domin ya ƙara mata nadama, ya nuna mata irin mutumin da ya zama. Wannan ramuwar gayya ce ta mai bin bashi, ko da yake a ido tana kama da kwarkwasar masoyi.

Da dalilin ya fito, sai ya zama ba mai daɗin ji ba ne. Ginny ta ga Marco na ta faɗi-tashi a sabuwar sana'arsa, sai ta fara hango mahaifinta a cikinsa, mutumin da gazawarsa ta dagula zaman gidansu. Girman da take ba malaminta ya fara zubewa, ta ji tsoron ta maimaita rayuwar mahaifiyarta, kuma ta rasa bakin da za ta faɗa masa haka. A nan fim ɗin ya yi jarumta, domin bai nemo mata uzurin da zai wanke ta ba, irin su ciwon ajali da aka ɓoye ko tilascin iyaye, waɗanda finafinan soyayya suka saba fakewa da su. Ya ba ta dalili irin na mutane, mai haɗe da tsoro da son kai.

Wannan dalili kuma ya jefa tambaya a kan dawowarta. Ta bar Marco yana ƙasa, ta dawo ta same shi a sama. Shin shi take so, ko kuwa mutumin da ta so ya zama tun farko? Fim ɗin bai yanke hukunci ba, ya bar mai kallo da tambayar. Sai dai ya kamata a yi masa adalci a kan zargin da ake iya yi masa na cewa ya hukunta mace don ta zaɓi karatu. Tafiyar Ginny ta yi amfani, tunda ta dawo da ƙwarewa da kamfani. Abin da labarin ya kama ta da shi shi ne shirun da ta yi, da kuma zaton cewa wanda ta bari zai tsaya inda ta bar shi.

Patty, Kishiyar da Ba a Ɓata Ba

Hanya mafi sauƙi ga irin wannan labari ita ce a mayar da sabuwar budurwa muguwa, mai girman kai ko makirci, domin mai kallo ya ji daɗin ture ta. Lamasan da Raymundo sun toshe wannan hanya. Patty gwanar gashin kek ce, mai hankali da natsuwa, har Ginny da kanta ta koka cewa ta yi kama da hotunan Nana Maryamu, wanda a ƙasar da mafi yawan jama'arta mabiya ɗariƙar Katolika ne ba ƙaramin yabo ba ne. Tunda babu aibin da za a kama, sai nauyin ya dawo kan tauraruwar: ita ce mai kutse, ita ce ke neman raba waɗanda suka daidaita.

A nan zaɓen Toni Gonzaga ya yi amfani ƙwarai. 'Yan kallo sun san ta da barkwanci da gabatar da shirye-shiryen talabijin, don haka duk dabarun da Ginny ke yi na jawo Marco da dariya ake karɓarsu da farko. Sannu a hankali dariyar ke ƙafewa, har a kai fitowar da ta fuskanci Patty a ɗakin girki tana neman ta sakar mata shi. A wannan wuri babu sauran abin dariya. Son maso wani ne tsirara, da ƙoshin wahalarsa. Amsar Patty, wadda Iza Calzado ta furta ba tare da ɗaga murya ba, ita ce ta ɗauki ma'aunin fim ɗin. Ta yarda cewa tasu soyayyar da abota ta fara, ba ta da armashi, mai yiwuwa ma a kira ta shiru-shiru mai gundura, amma tabbatacciya ce. Fim ɗin da ya kwashe rabinsa yana nuna daɗin soyayya mai zafi ya ba mai sanyin damar kare kanta, kuma ita ta yi rinjaye.

Inda Fim Ɗin Ya Yi Rauni

Duk da haka akwai wuraren da aikin ya gaza. Na farko, soyayyar malami da ɗalibarsa an ɗauke ta abin raha kawai. Da yake Ginny ce ta bi shi, sai aka yi kamar babu sauran tambaya game da bambancin matsayinsu. Alhali wannan bambanci shi ne tushen matsalar: ta so shi yana tsaye gaban allo, ta kasa jure ganinsa a matsayin mai koyo da ke kuskure. Da an tono wannan da kyau, da dalilin tafiyarta ya fi haka nauyi.

Na biyu, ba a auna Marco da mudun da aka auna Ginny ba. Ya bari kusanci ya shiga tsakaninsa da ita har ya kai ga cin amanar Patty, amma kunyar da labarin ya tanada kusan duk a kan Ginny ta sauka. Haƙurin Patty, wanda shi ne darajarta, ya zama kuma mafaka gare shi. Mai kallo bai ga isasshen abin da yafiyar ta ci mata ba, har ana iya cewa kamanta ta da waliyyiya da aka yi cikin raha ya koma gaskiya fiye da kima.

Na uku, an warware rikicin ne ta hanyar haɗari. Ginny ta faɗo daga sama a wurin aikin ginin, aka kai ta asibiti, a bakin gadonta ne Marco ya gaya mata cewa ba zai iya kankare sonta ba, sai dai son ya sauya kama. Maganar ta dace da alamar gidan da aka sauya wa aiki, kuma ita ce ainihin saƙon fim ɗin. Amma mutane biyu da suka riga suka faɗa wa juna gaskiya mai ɗaci ba sa bukatar gadon asibiti kafin su yi sallama. Faɗuwar ta zo ne domin a tausasa zuciyar mai kallo ga Ginny bayan an nuna masa muninta.

Na huɗu shi ne rufewar. Bayan an yi ƙarfin halin raba taurarin, sai aka shigo da fitattun fuskoki cikin raha a matsayin waɗanda Ginny ka iya dacewa da su, aka ƙare da Paul Soriano, wanda a zahiri shi ne saurayin Toni Gonzaga a lokacin, suka kuma yi aure a 2015. Wannan ya faranta wa masoyan jarumar rai, amma ya fitar da mai kallo daga labarin Ginny ya kai shi rayuwar Toni. Kamar dai an ji tsoron a sallami jama'a ana jajibirin ranar masoya da mace ita kaɗai, sai aka yi sauri aka ba ta wani. Da an bar ta tsaye da ƙafarta, ta biya bashinta ta sami sauƙi, da rufewar ta fi dacewa da abin da aka gina.

Kammalawa

An aro sunan fim ɗin ne daga wata waƙar Natalie Cole, kuma duk wanda ya ji shi zai zaci mutum biyu ne za su sake farawa tare. Abin da labarin ya nuna shi ne kowannensu ya sake farawa, amma a hanyarsa, kuma hakan bai yiwu ba sai da aka zauna aka yi lissafin abin da ya wuce. Marco ya sami bayanin da ya jira, ya iya zuwa wurin Patty ba tare da wata tambaya na cinsa ba. Ginny ta faɗi abin da ta ɓoye, ta ji da kunnenta cewa wasiƙar da ta riƙe ta daɗe da tsufa.

Darajar Starting Over Again a cikin finafinan soyayya na Filifin ita ce ya ɗauki rabuwa a matsayin abin da ke da haƙƙoƙi, kamar yadda haɗuwa ke da su. Ya nuna cewa mutum na da 'yancin tafiya, amma wanda aka bari yana bin sa dalili, kuma dalilin da aka hana ba ya ɓacewa, jira yake. Tsohuwar zumar da ke cikin wannan labari ta yi magani, sai dai abin da ta warkar shi ne ciwon rashin sani. Ga aure kuwa, Marco ya nemi wadda ta zauna da shi a lokacin da ba shi da abin nunawa sai rauninsa.